A sake duba ƙa'idar allunan shaguna a birnin Kano

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin Majalisar Dokokin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin cikin birni da hukumomin da ke kula da tsarin gari kan wani abu da kowa ke gani kullum amma ba a cika zama a tattauna shi ba, wato allunan da 'yan kasuwa ke kafawa a goshin shagunansu. A ganina lokaci ya yi da za a sake rubuta ƙa'idar waɗannan alluna ta yadda mai shago zai ga riba a ƙawata ƙofarsa, domin a halin da ake ciki abin da ya sani game da ita bai wuce rasit da biyan kuɗi ba.

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo ko Titin Beirut ko Titin Gidan Zu, ko ya kutsa Farm Centre da Kantin Kwari, zai tarar da kusan abu guda. Leda ce ta fileks da aka buga a injin, aka ɗaure da waya ko aka kafe da ƙusa a jikin katako, an cika ta da hotunan kaya da aka kwaso daga intanet, ga lambobin waya uku ko huɗu a jere a ƙasa. Kafin shekara ta zagayo ranar Kano ta cinye launinta, ja ya koɗe, shuɗi ya yi fari-fari, ƙurar hunturu ta zauna a kai, sannan iskar farkon damina ta yage gefe guda ta bar shi yana lilo a kan masu wucewa. A wasu benayen ledojin sun hau kan juna tun daga ƙasa har sama, sun rufe tagogi, har baƙo ba ya iya gane wane allo ne na wane shago. Inda kuma aka ga allo mai ƙwari, galibi kamfanin waya ne ko na lemo ko na taliya ya bayar kyauta, sunan kamfanin ya cinye fili, sunan mai shagon yana can a lungu da ƙananan baƙaƙe.

Ba na cikin masu cewa rashin sanin abu mai kyau ne ya jawo haka. Mutumin da zai zauna ya zaɓi shadda da aikin wuyan da za a yi mata, ya ƙi karɓar hula saboda zare ɗaya ya kauce, ya san kyau sarai. Lissafi yake yi. Ya lura cewa idan allonsa ya yi girma ko ya yi kyau, masu karɓar kuɗin allo za su ɗauka yana da hali su ƙara masa. Ya lura cewa bayan ya biya wasu, wasu za su iya zuwa da nasu rasit ɗin. Ba shi da tabbacin cewa ba za a wayi gari a cire allon a jefa a mota ba, ga shi kuma shagon haya ne na shekara-shekara. Wanda ke cikin wannan hali ba zai kai kuɗinsa wurin maƙeri ko mai zane ba, zai buga leda mai araha wadda ko an ɗauke ba zai yi baƙin ciki ba.

Asalin ruɗanin yana cikin dokokin kansu. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sanya kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma dokar 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta ba su kuɗin izinin allo. Daga baya jihohi suka shigo da nasu hukumomin, kamar yadda Legas ta kafa hukumar kula da allunan talla, LASAA, a 2006. Birnin Kano kuwa ya ratsa ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suna Fagge, Kurmi tana Birni da Kewaye, Farm Centre tana Tarauni. Ɗan kasuwar da ke da shago a biyu daga cikin waɗannan wurare ya cancanci ya tarar da ƙa'ida ɗaya da farashi ɗaya, ya biya a wuri ɗaya, sannan jiha da ƙananan hukumomi su raba kuɗin a tsakaninsu yadda suka daidaita, ba tare da an mayar da shi wurin sasanta rikicinsu ba.

Gyara na farko da nake roƙo shi ne a raba allon da ke ɗauke da sunan shago daga babban allon talla da kamfanoni ke haya a bakin titi da shataletale. Na biyun kasuwanci ne mai zaman kansa, a caje shi yadda ya dace. Na farkon kuwa adireshi ne, da shi mai saye ke gane wuri, da shi ɗan aike da mai adaidaita sahu ke samun inda aka tura su. Irin wannan allo, muddin bai wuce wani girma da aka ƙayyade ba, ya kamata ko dai a yafe masa kuɗi ko a yanka masa ɗan abu tsayayye da aka buga a takarda aka liƙa a ofisoshin ƙungiyoyin kasuwa, yadda ba mai zuwa ya yi ciniki a kai.

Inda ya kamata doka ta tsaurara shi ne wajen kare lafiya. A faɗi tsayin da allo zai yi daga ƙasa yadda mai ɗauke da kaya a ka zai wuce, a hana kafa shi a kan hanyar masu tafiya da ƙafa ko a kwanar da zai tare wa direba gani, a nisanta shi daga wayoyin lantarki, a kuma hana fitilu masu walƙiya da ke kashe ido da dare. Sai batun gobara. Garin da ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 bai kamata ya bar ledar roba ta lulluɓe tagogin benaye da ke cike da atamfa da yadi ba, domin ledar tana ci da wuta, tana fitar da baƙin hayaƙi, tana kuma toshe wurin da za a fita ko a shigar da ruwa. Akwai darasi a birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil, wanda ya yi dokar tsabtace gari a 2006, ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan allunan talla kusan 15,000. Ba na kiran a kwaikwayi haramcin nasu, amma akwai dabara ɗaya tasu mai sauƙi da za ta yi mana amfani: girman allo ya bi faɗin gaban shago. Da wannan kaɗai za a daina gasar wanda zai rufe maƙwabcinsa, kuma idan fili ya taƙaita, dole mutum ya yi tunanin abin da zai rubuta da yadda zai rubuta shi.

Bayan waɗannan iyakoki, sai a sakar wa mutane mara, a kuma saka wa wanda ya yi ƙoƙari. Nan ne nake ganin Kano ta fi yawancin biranen ƙasar nan abin da za ta ɗiba. Muna da zanen bango irin na magina, da dagi da zankwaye, waɗanda har yau ana ganin su a Gidan Rumfa da Gidan Makama da wasu tsofaffin zaurukan cikin gari. Muna da allon zayyana da ake yi wa ɗalibi idan ya sauke Alƙur'ani, wanda tsarin launukansa da layukansa ba sa kama da na ko'ina. Muna da marina a Ƙofar Mata, da dukawa da masassaƙa da maƙeran farfaru, ga masu walda a kowace unguwa da ke lanƙwasa ƙarfe su fitar da fure a jikin ƙofa. Akwai kuma masu zanen manyan motoci da masu rubuta allo da buroshi, waɗanda injin fileks ya kusa raba su da sana'arsu. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki ya san abin da nake nufi: zai ja zare da alli ya fitar da layi, ya auna tazarar baƙaƙe da ido kawai, ya dafa hannunsa a kan sanda don kada ya yi rawa, sannan ya bi kowane harafi da inuwa ta wani launi har ya zama kamar ya taso daga jikin katakon. Irin wannan allo yana shekaru, idan ya dushe a sake bin sa da fenti, ba a jefar da shi a kwata.

Saboda haka ƙa'idar ta ce duk allon da aka yi da katako ko ƙarfe ko aka zana a jikin bango, ko aka yi masa adon gargajiya, za a yi masa rangwame, kuma izininsa zai yi shekara uku maimakon ɗaya. Rangwamen ba zai rage wa gwamnati wani abin a zo a gani ba, tun da babban kuɗin yana wurin manyan allunan talla. Za a iya ƙarawa da gasa ta shekara-shekara, titi-titi, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malaman zane na manyan makarantunmu su yi alƙalanci. Masu buga fileks ma ba a bar su a baya ba, yawancinsu matasa ne masu basira da kwamfuta, kuma idan kasuwa ta fara neman tsari mai kyau za su iya fitar da shi a kan abin da ya fi leda ƙarko.

Harshe ma yana cikin maganar. Abin mamaki ne a ce a garin da ciniki ke gudana da Hausa tun daga sallama har zuwa biyan kuɗi, allon ya zama da Turanci zalla, sau da yawa ma da kurakurai. A ƙarfafa rubuta Hausar boko da baƙaƙenta masu lanƙwasa, a kuma ƙarfafa ajami, wanda har yanzu yana jikin takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma dattawa da almajirai da baƙin da ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da yawansu sun fi saurin karanta shi. Amma ƙarfafawa nake nufi, ban da tilas. Kano gari ne na baƙi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi, kuma ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ga dama ya rubuta sunan shagonsa da Igbo ko Yarbanci yana da wannan 'yanci. Abu ɗaya da zan so malamai su yi wa mutane nasiha a kai shi ne buga ayoyi da sunayen Allah a jikin leda da aka san ƙarshenta yagewa da faɗawa ƙasa.

Ina kuma jin tsoron kada gyaran ya rikiɗe ya zama umarnin cewa kowane shago ya yi allo iri ɗaya, launi ɗaya, daga hannun ɗan kwangila ɗaya. Hakan zai kashe abin da ake son rayawa, ya kuma buɗe wata sabuwar ƙofar cin kuɗi. Haka nan ba daidai ba ne a auna lungunan Kurmi, inda mutum biyu ke gogar kafaɗa kafin su wuce, da ma'aunin Titin Murtala Muhammad. Cikin ganuwa na bukatar ƙa'ida mai taushi da ke fifita ƙananan alluna da kayan gargajiya, manyan tituna kuma a bar su da fitilu da girman da ya dace da su.

Kafin a rubuta komai, a zauna da shugabannin kasuwanni da masu zane da masu buga fileks da jami'an kashe gobara, a buga daftarin da Hausa a karanta shi a rediyo, sannan a ba da wa'adin aƙalla shekara guda kafin a fara cire allon kowa. Ku kuma, ya Edita, ina roƙon ku tura wakilinku ya nemo jadawalin kuɗin allo da ake aiki da shi yanzu a ƙananan hukumomin nan takwas da kuma matakin jiha, ku buga shi a jere, domin 'yan kasuwa da 'yan majalisa su ga daga inda za a fara.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano