Takardar Koke Kan Sabon Titin da Ya Ratsa Tsakiyar Gari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Mu mazauna bakin babban titi, da iyayen 'yan makaranta, har da direbobin cikinmu, muna godiya da kwaltar da aka shimfiɗa mana. Sai dai tun da aka faɗaɗa titin, aka miƙar da shi sambal, aka sare bishiyoyin gefensa, tsallaka shi ya zama tashin hankali. Sai ka ga tsohuwa riƙe da hannun jikanta, ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye.

Ba mu ce direbobi mugaye ba ne. Abin da ido ya gani shi ke gaya wa direba gudun da zai yi, allon gargaɗi kuwa kallo ɗaya yake masa ya wuce. In ya ga hanya fetal, ba kwana, ba komai a gefe, hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara taka totur bai ma sani ba. Alhali mai gudun kilomita 80 a awa yana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Wannan tazarar ta isa ta raba uwa da ɗanta.

A 1967 ƙasar Suwidin ta mai da tuƙi daga hagu zuwa dama. Kowa ya shiga taitayinsa, haɗurra suka ragu. Da aka saba, tsoro ya gushe, suka dawo kamar da. Direbobin dai su ne, jin haɗari ne ya canza.

Don haka muke roƙo a gyara titin yadda direba zai ji a jikinsa cewa ya shigo cikin mutane. A tsuke shi daga bakin gari, a yi shataletale a babbar mahaɗa, a mayar da bishiyoyin gefe. Gaban makaranta da kasuwa ya fi damunmu: muna so a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu mai fenti, a gina ɗan tsibiri a tsakiya inda yaro zai tsaya ya duba ɗaya hannun, kada gudu ya wuce kilomita 30 a wurin. Tudun da matasa ke yi da ƙasa cikin dare, ba alama ba fenti, shi ma kayar da masu babur yake yi.

A turo injiniyoyi su tsaya tare da mu lokacin tashi daga makaranta, su gani da idonsu.

Allah ya ƙara girma.

Mu ne naka,
Mazauna bakin titi, iyayen yara da direbobi.