Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyar Manoman Rani na Bakin Dilimi, Jos

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata.

Ga abin da ƙungiya ta yi daga taron bara zuwa yau. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, ni nawa na ayyuka ne.

Maganar ruwa ce ta cinye mana shekarar nan, kuma ba mu muka zaɓe ta ba. Da rani ya tsananta Dilimi ya ja baya har yashi ya fito, saura ƙiris a ba hammata iska tsakanin masu injin ban-ruwa na sama da na ƙasa. Sai da kwamitin sulhu ya zauna sau uku kafin a yarda da karɓa-karɓa: na sama su ja da asuba, na ƙasa da la'asar. Ba kowa ya so ba, amma kabeji da karas sun kai kasuwar Farin Gada, ba wanda ya kwana a caji ofis.

A zaman ƙarshe ne wani dattijonmu ya ce, to mu da muke jin tarin juna ma ke nan, ina ga waɗanda ruwan zai tarar bayan ya bar mu? Tambayar nan ce ta sa muka gayyato wani malamin jami'a ranar 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya. Da yawanmu ranar muka fara jin cewa ruwan da muke tare wa da buhunan yashi yana gangarawa Kogin Jama'are, ya ratsa Bauchi, ya haɗu da Kogin Haɗeja ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Manomin tattasai a Diffa ta Nijar abokin rabonmu ne, ba mu taɓa gaisawa ba.

Malamin ya tuna mana cewa tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena, kuma a 2012 shugabanni suka amince da yarjejeniyar yadda za a yi amfani da ruwan tafkin da kogunansa. Tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Kada dai mu kumbura kanmu: mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, namu ɗan cikon tulu ne. Amma ga mutanen bakin Yobe, ɗan cikon nan shi ne noman shekararsu.

Bayan sallah tawagarmu ta je Gashuwa, garin da ke bakin Komadugu Yobe. A nan ne lacca ta zama gani da ido. Sun ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta na tura kwalekwale da ƙyar. Mutanen can sun yi ƙorafin yadda ambaliyar da suke noma da ita ta sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke zuba wa Kogin Haɗeja, kuma hankalinsu bai kwanta da batun madatsar Kafin Zaki ba, wadda aka daɗe ana shirin ginawa a kan Jama'are. Sun karɓi mutanenmu hannu bibbiyu, har da guzurin busasshen kifi. Abu ɗaya suka roƙa: mu daina wanke tankin feshi a cikin kogi. Kunya ta kama mu, domin muna yi. Majalisar ƙungiya ta haramta hakan, da tara a kan wanda aka kama.

Gayyar kwashe leda da robobi mun yi ta sau biyu kafin damina. Mata sun fi maza fitowa, a rubuta wannan.

Abin da bai yiwu ba: itatuwan da muka dasa a gaɓa rabi sun bushe, saboda kowa ya ɗauka wani ne zai ba su ruwa. Takardar da muka kai wani ofishi kan masu zubar da shara a ƙarƙashin gada har yau shiru, mun koma sau biyu ana ce mana oga ba ya nan.

Baɗi, in Allah ya kai mu, muna son gwada jan ruwa daga kududdufan tsohuwar haƙar kuza don a rage wa kogi nauyi, amma sai an kai ruwan an auna shi tukuna. Mutanen Gashuwa kuma za su rama ziyara bayan girbi, za mu buƙaci masauki da abinci. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga Ma'aji kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya