Injin zuƙe ruwa a gida da sola: a fara lissafi daga batir

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da magidantan Kano da ruwan sama ke kwanta musu a tsakar gida. Sana'ata wayarin da haɗa sola, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 jama'a suka fara jingine janareta, da damina ta ƙarato sai kira ya yawaita: "Malam, zo ka haɗa min injin zuƙe ruwa da sola."

Wanda ya san Fagge da Kurna da unguwannin bakin Jakara ya san matsalar. Titi ana ta ƙara masa ciko yana hawa, gida kuwa yana nan inda iyaye suka gina shi, har ta kai sai ka gangara kafin ka shiga soro. Kududdufai da dama da ke shanye ruwa a da an cike su an yi gini. Ko Kantin Kwari sai da ruwa ya shiga shagunanta a daminar 2022, balle gidan talaka. Shi ya sa ake haƙa rami a wurin da ya fi kwari a tsakar gida, a ɗaure shi da bulo da siminti, a zura ƙaramin sumo, wato injin zuƙe ruwa da ake nutsarwa cikin ruwan, mai ƙwallon da ke tasowa da ruwa ta kunna shi da kanta, ya tura ruwan ta bututu zuwa kwata.

Dabarar tana da kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba kuɗin a kan farantan sola a yi wa batir rowa. Ruwanmu na Agusta sau da yawa da yamma ko tsakar dare yake sauka, sannan da hadari ya haɗu akan ɗauke wuta. Da dare faranti ba ya ba da komai. Ko da rana ne, idan gari ya lulluɓe, farantin wat 500 da ƙyar zai ba ka wat 100. A lokacin da ruwa ke neman bakin ƙofar ɗaki, abin da ke cikin batir kaɗai gare ka.

Ga lissafin da nake yi wa kowa a bayan kwalin kaya. Idan rufin gida da tsakar gida sun kai murabba'in mita 200, aka yi ruwa mai milimita 50, lita 10,000 ke nan ta sauka, wato duro 50. Sumo mai ƙarfin rabin doki yana cin wajen wat 500 zuwa 600, kuma zai ɗauki awa ɗaya da wani abu kafin ya kwashe wannan ruwa. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a ci idan ana so ya yi ƙarko, inbata ma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta ci nata kason. Abin da ya rage bai wuce aikin awa biyu ba. Cikakken batir zai fid da kai daren, in dai ruwan titi bai kwararo ya ƙaru ba.

To a nan ake samun matsala. Na je wani gida da aka ce inji ya ƙi tashi da daddare, na tarar da katifu a shanye a kan katanga, uwargida tana matse labule, buhun shinkafa ya jiƙe har rabi. Injin lafiyarsa ƙalau. Batir ɗin ne aka kwana ana jan fanka uku da talabijin da firji a kansa tun magariba, ruwa ya sauko wajen ƙarfe biyu, inbata ta yi ƙara ta mutu. Ban ga laifin kowa ba, zafin Kano ba ya barin mutum ya kashe fanka. Amma tun ranar nake dagewa a ware wa injin nasa batir da nasa layi, ko da ƙarami ne, kada a jona masa ko cajar waya. Wanda ke da hali ya sayi na litiyam, shi ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ba ya bukatar ƙarin ruwa.

Inbata ma a kula da ita. Sumo idan zai tashi yana fizgar wuta ninki biyu zuwa uku na abin da yake ci, don haka ƙaramar inbata ta ɗaki ba za ta ɗauke shi ba. A nemi mai 1.5kVA zuwa sama, mai tsaftatacciyar wuta irin wadda injin ke so. A sa bawul mai hana ruwa komawa a bututun, a sa raga a bakin ramin saboda leda da yashi. Batir da inbata kuma a ɗora su a kan kanta mai tsayi a wuri mai iska. Ina yawan ganinsu a ƙasa a soro, daidai inda ruwa ke fara shiga, wannan kuwa hatsari ne ga rai.

Roƙona ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, mu riƙa faɗa wa mai gida gaskiyar awa nawa batirinsa zai ɗauka kafin mu karɓi kuɗinsa. Masu gida kuma a duba inda bakin bututun yake zubarwa, don na sha raba rigimar maƙwabta a kan ruwan da aka zuƙe daga wani gida ya faɗa gindin katangar wani. Tun a watan Mayu a haɗu da mai unguwa a yashe kwata, a wanke ƙurar da ta taru a kan faranti, a zuba bokiti biyar a ramin a ga ko injin zai tashi da kansa.

Wassalam.

Naka,
Mai aikin wayarin da sola,
Fagge, Kano.