Takardar Koke Kan Cacar Ƙwallo a Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka.

Mu iyaye da malaman Islamiyya da masu sana'a na wannan unguwa ne muka kawo kukanmu gabanka.

Ranka ya daɗe, da Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a watan Oktoban 2024, mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe cikin wayar aljihu cacar ta koma. Ran Asabar yaro na zaune a gidan kallo, ido ɗaya a allo, ɗaya a waya. Tallan caca na gefen fili, yana ƙirjin rigar 'yan wasa, ya buɗe Facebook ma ya tarar da shi. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ya ruga wurin mai POS ya zuba naira ɗari biyu. Wani yaronmu mai koyon ɗinki har dutsen gugar ubangidansa ya sayar. Da aka tsare shi, ko a jikinsa, cewa ya yi wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti, gobe zai fanshe.

Kowa na cewa caca ta yi yawa, amma in aka ce nawa, sai a yi shiru. Shi ya sa muke roƙon ka umarci masu unguwanni su ƙirga mana gidajen kallo, da masu buga wa yara tikiti a ɓoye, da nisansu da makarantu. Sannan a bi gida-gida, ba tare da rubuta suna ba don kada a tona asirin kowa, a ji inda caca ta jawo bashi ko sata ko barin karatu. Mu dai a ganinmu layin da yaro ya fi cin karo da ita nan ne ɓarnar ta fi yawa. A gwada a gani.

Tun Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce ikon tsara harkar caca na jihohi ne, don haka akwai inda za ka kai lissafin. Waɗanda abin ya riga ya kama kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ciwo ta ɗauke shi. Muna roƙon a haɗa su da likita, kada a tsaya ga faɗa da dūka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Talakawanka,
Iyaye, malamai da masu sana'ar unguwa