Waƙar faci ta Rumawa ba sata ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in sa baki a muhawarar da ake yi kan satar fasaha, musamman ga masu cewa duk mawaƙin da ya ari baitin wani ya zama ɓarawo. Ina so in ja hankalinsu ga wata al'ada ta mutanen Rum, wadda a harshen Latin ake kira cento, wato mayafin da aka ɗinka da ƙyallaye daban-daban, ni kuwa zan kira ta waƙar faci. Mawaƙi zai tsinto layuka da rabin layuka daga waƙoƙin Virgil, babban mawaƙin Rum wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, ya harhaɗa su har su ba da wani labari dabam, ba tare da ya ƙirƙiro layi nasa na kansa ba.

Abin yana da ƙa'ida mai tsauri, kuma Ausonius, wani mawaƙi mutumin birnin Bordeaux da ke Faransa ta yau, shi ya rubuta ta a ƙarni na 4. A cewarsa ana haɗa rabin layi daga nan da rabi daga can, ko a ɗauki layi ɗaya da rabin na gaba da shi, amma kwaso layi biyu a jere kasawa ce, uku kuwa shirme ne tsantsa, kuma dole karin waƙar ya zauna daram yadda ba za a ga ɗinkin ba. Shi kansa ya tsara waƙar biki mai layi 131 bisa umarnin Sarkin Rum Valentinian, sai dai ya ƙare ta da batsar da ta sa ya nemi afuwar mai karatu.

Wadda ta fi burge ni ita ce Proba, wata mace 'yar babban gida a birnin Rum, wadda a tsakiyar wannan ƙarnin ta tsara layi 694 tana ba da labarin halittar duniya da rayuwar Yesu kamar yadda littattafan Kirista suka kawo. A duba wahalar da ta sha: babu sunan Adamu ko Maryamu a cikin Virgil, don haka sai ta riƙa cewa "uwa" ko "gwarzo", ta bar mai karatu ya gane da kansa. Akwai layin da Virgil ya siffanta tsoho Anchises da shi, lokacin da ya ƙi barin birnin Troy ana cin sa da yaƙi, inda ya ce tsohon ya nace kan maganarsa ya kafe a wurin. Proba ta ɗauke layin ta kai shi wajen labarin gicciye Yesu, sai kalmar "kafe" ta koma kafewa da ƙusa, alhali ko harafi ɗaya ba ta sauya ba. Jerome, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin, bai ji daɗin irin wannan ba, har ya kira shi wasan yara a wasiƙarsa ga wani malamin Kirista mai suna Paulinus, domin a ganinsa ana tilasta wa Virgil faɗin abin da bai taɓa nufi ba. Ƙorafinsa yana da tushe, amma ya kamata a lura cewa bai zargi kowa da sata ba.

Dalili kuwa shi ne ɓarawo ɓoye kayan da ya ɗauka yake yi, ita kuwa waƙar faci ba ta da daɗi sai an gane inda kowane ƙyalle ya fito. Yaran Rum sun haddace Virgil tun suna makaranta, saboda haka mai sauraro yana jin ma'ana biyu a lokaci guda, tsohuwa da sabuwa. Wanda bai yi wannan haddar ba, labari kawai zai ji, rabin aikin ya wuce shi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka a kullum