Rahoton ayyukan shekara: hanyoyin kekenmu bayan ruwan sama

Assalamu alaikum, ƴan uwa mambobi.

Kwamitin hanyoyi na ƙungiyarmu ta mahaya keken daji a nan Damagaram ke gabatar muku da rahoton bana. Fitar safiyar Lahadi ta gudana yadda aka saba, sabbin shiga kuma sun koyi facin taya da ɗaure birki. Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne na damina: bin hanyoyi bayan kowane ruwa don a san wadda ta hawu da wadda za a jira.

Ruwan da Zinder ke samu a shekara wajen milimita 400 ne, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Yakan zubo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, rana ta biyo baya. Shi ya sa wasu ke ɗauka cewa da gari ya waye ko'ina ya bushe. Irin ƙasar wurin ce ke yanke hukunci.

Jigawa ba ta buƙatar jira. Ruwa na nitsewa nan take, rairayi ya daskare, taya ta daina nutso. Sa'o'in farko bayan an ɗauke ruwa su ne mafi daɗin hawa a duk shekara. Hanyar marmara da tsakuwa tana son wuni ɗaya. Duwatsun da ke kewaye da gari kan bushe da zarar rana ta haska su, sai dai gefen inuwa da tsagar da ganye ya taru suna da santsi har zuwa hantsi. Fako kuwa ba ya shan ruwa, korar shi yake yi zuwa gangare, don haka a duba ƙasan fakon, can ɓarnar take.

Matsalarmu tana cikin fadama da bakin tafki. Laka na riƙe ruwa kwana biyu zuwa uku bayan ruwa mai yawa, in kuma an jera ruwa a Agusta takan kai mako. Samanta na yin ɓawo ya tsattsage kamar ta bushe, alhali yatsa biyu a ƙasa taɓo ne. Keke ya bi ya bar sawu mai zurfi, rana ta gasa sawun, ruwa na gaba ya samu magudana. Kafin kaka sawun taya ɗaya ya zama ƙaramar korama. Mai gudun taɓo kuma yakan ratse gefe ya taka geron mutane, abin da ya fi jawo mana ƙorafi daga manoma. Gaskiya suke da ita.

Gwajin da muka tsayar mai sauƙi ne. A tona zurfin yatsa, a dunƙule ƙasa a hannu. In ta warwatse, a wuce. In ta dunƙulu tana manne wa tafi, ko taya ta bar sawun da ya kai santimita 2, a juya.

Wajen gyara mun yi aiki da diga, shebur, manjagara da baro. An kankare fuskar hanya ta karkata zuwa gangare da kimanin santimita 5 a kowace mita, yadda ruwa zai tsallaka ta maimakon ya bi tsawonta. An sare tudun ƙasar da tayoyi ke tarawa a bakin hanya, domin shi ke tare ruwa ya kwanta. Inda gangara ta yi tsawo an sassaƙa ƴan kwazazzabai marasa zurfi masu fitar da ruwa gefe, an jera duwatsu a bakinsu don rage zaizaya. Cika rami da rairayi zalla bai yi ba, ruwan farko ya kwashe shi. Abin da ya tsaya shi ne dutse a ƙasa, marmara a sama, a yayyafa ruwa a daddaɓe. Inda amalanke ke bi, wannan ma sai an maimaita.

Kekuna sun sha wuya. Rairayi mai laima da ya haɗu da man sarƙa na cin sarƙa da haƙoran giya, yana kuma cinye robar birki da wuri. A wanke sarƙa da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura da tsumma. Kada a kai keke wurin wankin mota mai feshi da ƙarfi, ruwan na shiga boris ya kore giris. Da ciyawa ta fara bushewa kuma tsidau zai dawo, kowa ya riƙe faci da famfo.

Bayan girbi za a koma hanyoyin fadama tun ƙasa na da sauran laima, don in hunturu ya shigo laka ba ta karɓar diga. Za a fara da neman izinin masu gonaki ta hannun mai gari. A damina mai zuwa za a riƙa sanar da hanyoyin da aka rufe a zauren WhatsApp kafin fita. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji, marmara da baro ɗaya ne suka rage a saya.

Kwamitin hanyoyi