Abincin Yara A Makaranta: A Duba Tukunya, Bakin Ƙofa Da Filin Wasa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan shafi in yi magana da shugabannin makarantun firamare, kwamitocin al'umma masu kula da makarantu (SBMC) da ƙungiyoyin iyaye da malamai, a kan abin da yaranmu ke ci tsakanin ƙarfe takwas na safe da ɗaya na rana, da kuma yadda suke motsa jiki.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 57. Waɗannan yaran su ne yau ke zaune a azuzuwanmu, da yawansu suna fitowa daga gida ba su karya ba, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya ya fara a 2016 da 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar da shi 100, sannan aka dakatar da shi a Janairun 2024. Ko shirin yana tafiya ko ba ya tafiya, akwai abubuwan da ke hannun unguwa da makaranta, kuma yawancinsu awo da sa ido suke buƙata fiye da kuɗi.

Duk inda ake dafa wa yara abinci, ko gwamnati ce ta ba da kuɗin ko iyaye ne suka yi karo-karo, wurin da abin ke fara lalacewa shi ne awo. A ce wa mai dafuwa "ki yi shinkafa da wake na yara ɗari" ba umarni ba ne. Sai an rubuta mata: shinkafa kilo 8, wake kilo 4, mai lita 1, ganye kamar alayyahu ko zogale kilo 3, da albasa da gishiri. Wannan zai ba kowane yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke buƙata a yini. Tunda kwanon awo na kasuwarmu ya bambanta daga gari zuwa gari, a ɗora shi a sikeli sau ɗaya a san nauyinsa, a ci gaba da amfani da wannan kwanon. A kuma ware ludayi guda na rabo, ba wanda za a sauya idan layi ya yi tsawo.

Da zarar kaya sun yi tsada, wake ake fara ragewa, sai mai, sai ganye, har a wayi gari yara na cin farar shinkafa da aka yayyafa wa manja. Ido zai ga kwano cike, amma abin da ke gina jiki ya fita. Ba kullum ha'inci ne ke kawo haka ba: macen da aka yi wata biyu ba a biya ta ba, tana cin bashi a shago, dole ta rage wani abu. Maganinsa a riƙa biya a kan lokaci, kuma uwa ɗaya daga cikin iyaye ta tsaya a ga awon kafin a ɗora tukunya, ana karɓa-karɓa kowane mako. Idan kuɗin bai kai ba, gara a rage kwanakin dafuwa zuwa uku a mako a yi abincin cikakke.

Makarantar da ba ta da ƙarfin shinkafa tana iya yin kunun da ake kira Tom Brown: kwano 6 na gero ko dawa ko masara, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suya ya kwana, a murje ɓawon, a shanya, a soya shi sama-sama har ƙarnin ya fita, domin ɗanyensa yana hana jiki narkar da abinci kuma yana kumbura ciki. A soya gyaɗar da hatsin daban, a haɗa a niƙa. Gyaɗa kuwa a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, saboda tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. A dama shi da kauri. Kunun da ya tsinke kamar ruwa ciki kawai yake cikawa.

Abincin da aka sauke da asuba aka rufe a kula sai sha biyu a raba, musamman shinkafa a watannin zafi, shi ke kawo gudawar da ake ɗora wa ruwan makaranta. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye idan ba da zafinsa yake ba. A raba da ƙarfe goma. Kafin nan a wanke hannu, amma ban da roba ɗaya da yara hamsin za su tsoma hannu a ciki. Jarka mai lita 5 da aka huda kusa da murfi, aka rataye a sanda, aka ɗaure da igiyar da ake takawa da ƙafa, ta ishi aji guda idan akwai sabulu a gefe. A kuma tabbatar yara sun sha maganin tsutsar ciki duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka kawo shi, don kada a ciyar da tsutsa.

Sai bakin ƙofar makaranta, inda naira ɗarin da aka ba yaro ke ƙarewa. Can za ka ga ƙanƙara mai launi a leda, alawa, biskit da lemon roba. Kwalbar lemon zaƙi mai rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da cokali goma na shayi. Yaron da ya sha ta ya ƙoshi na ɗan lokaci, haƙoransa na cin wuya, kuma bai samu komai na gina jiki ba. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar irin waɗannan lemuka a 2022, amma wannan bai kai ya sauya abin da yaro zai saya ba.

Korar masu talla ba ta aiki. Su koma bayan katanga, yara su bi su can, kuma yawancinsu iyayen ɗaliban ne. Abin da ke aiki shi ne hedimasta ya zauna da su a yi yarjejeniya: wadda za ta shigo harabar makaranta ta samu inuwa da ciniki tabbatacce, sharaɗin ta kawo ƙosai, alale, awara, ɗanwake, dafaffen ƙwai, dafaffiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dankali, yalo, goba ko mangwaro a lokacinsa. Abinci a rufe, man suya ba wanda ya yi baƙi ba, zoɓo da kunun aya da tafasasshen ruwa da sukari kaɗan. Dankalin nan mai jan ciki ya cancanci a nema masa gurbi, domin yana da sinadarin bitamin A da farin ba shi da shi. Wani ƙaramin abu da iyaye ba su cika sani ba: shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jiki ke tsotsa daga wake da ganye, lemon tsami ko tumatir ko goba kuwa suna ƙara shi. Ga yaron da jininsa ke ƙasa, wannan bambanci ne babba.

Lambun makaranta abu ne mai kyau, sai dai yawancinsu ba sa wuce zango ɗaya. Awaki da dogon hutu ke kashe su. Kada a shuka komai sai an yi shinge kuma an san wanda zai yi ban ruwa a lokacin hutu. Alayyahu na isa yanka cikin mako huɗu. Zogale a datse kansa idan ya kai tsayin ƙirjin babba don ya yi rassa, ganyen kuma a inuwa ake shanya shi.

Batun motsa jiki shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. A duba jadawalin yaron birni: boko daga safe zuwa azahar, Islamiyya daga la'asar zuwa magariba, tafiya a A Daidaita Sahu, dare kuma waya ko talabijin. Makarantun kuɗi da yawa a gidan haya suke, ba ko tsakar gida, wasu tsofaffin makarantun gwamnati kuma an yanka filayensu an yi shaguna. Darasin motsa jiki yana kan takarda, amma shi ake fara bai wa malamin lissafi idan jarrabawa ta matso.

Ba dole ne a yi mintin sittin a jere ba. Minti 10 na tsalle da miƙe jiki bayan taron safe, minti 20 na wasa a lokacin tara bayan an ci abinci ya ɗan faɗa, sauran a cike da tafiya gida da wasan unguwa. Langa, tsallen igiya, gaɗa da 'yar tsere ba sa buƙatar kayan saye. Ƙwallo ɗaya ga yara tamanin kuwa yaudarar kai ce: goma masu ƙarfi ke gudu, saura na kallo. A raba su rukuni-rukuni na goma. Daga Maris zuwa Mayu kuwa a yi wasan kafin abinci, a gama kafin ƙarfe goma, da ruwan sha a kusa, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa kuma a sassauta wa masu asma. 'Yan mata su ke fara barin wasa da sun kai aji biyar, saboda kunya da idon maza. A ware musu ɓangare da malama mace, da dogon wando a ƙarƙashin hijabi, za a ga sun dawo. Malamai kuma su daina mayar da tsallen kwaɗo da zagayen fili horo, domin yaron da aka saba hukunta shi da gudu ba zai so gudu ba.

Ina roƙon masu unguwanni da limamai su taimaka a samar wa makarantun da ba su da fili wani wuri kusa, ko da sau biyu a mako ne, ko filin idi ko harabar wata makarantar gwamnati da yamma. Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakili ya zagaya makarantu da misalin ƙarfe goma na safe ba tare da sanarwa ba, ya leƙa tukunya, ya tambayi kwano nawa na wake aka zuba, ya ga ko filin da ke cikin takardun makarantar yana nan.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar abinci mai gina jiki a matakin farko, Kano.